Kunun Asibiti a Gidan Inna Ige

Ban taɓa mantawa da ranar da aka miƙa wa shugabar aikinmu ƙwarya cike da maganin da ita da kanta ta haɗa domin wasu ba, kuma ta shanye. Ku da kuka zo sababbi kuna yawan tambayata dalilin da ya sa nake jinkirin sa hannu a rahoto bayan kwamfuta ta gama lissafinta tsaf. Daga ranar nan abin ya samo asali.

A lokacin ina ɗalibar digiri na biyu a fannin ƙididdiga a Sakkwato, aka turo ni Isa in koyi aiki tare da wata ƙungiyar binciken lafiya. Matsayina shi ne na ƙarshe a ofis, wato mataimakiyar mai nazarin alƙaluma. Shi mai nazarin yana zaune a Sakkwato, ta waya kawai muke jin sa saboda halin da hanya take ciki, don haka komai a teburina yake ƙarewa. Shugabar aikin ita ce Dakta Balkisu, likitar mata. A ƙarƙashinta akwai Sista Kulu, ungozomar asibiti 'yar Sabon Birni, wadda take jagorantar ma'aikatan da ke shiga gidaje. Ita ce ta raɗa mini suna Malama Shiru, kuma ban taɓa samun bakin musa mata ba.

Matsalar da muke aiki a kanta ita ce ƙarancin jini ga masu jego. Asibiti yana ba su ƙwayar ƙarin jini, amma da yawa sukan sha kwana biyu su ajiye, saboda tana tayar musu da zuciya. Sai Dakta ta yi dabara. Ta ce tunda ba mai jegon da ba ta shan kunu har ta yi arba'in, a zuba sinadarin ƙarin jinin a cikin garin gero, a ba mace ta riƙa damawa. Kowa ya yaba. An ce ga likitar da ta san al'adar mutanenta.

Ga waɗanda ba su san yadda ake gwajin magani ba, tsarin shi ne: duk wadda ta haihu ta kuma yarda ta shiga, kwamfuta ce take jefa mata ƙuri'a. Ko ta faɗa rukunin gari, ko ta faɗa rukunin ƙwaya. Ba likita ne yake zaɓa ba, don kada son rai ya shiga. Ana auna jininta da ɗan tsini a yatsa lokacin da ta shigo, a sake aunawa a tsakiyar jego, a kuma auna ranar arba'in. Daga nan sai a kwatanta rukunonin biyu. Kowane mako ma'aikata suna zagayawa su tambayi matan rukunin gari ko suna sha, su karɓo ledojin garin da aka juye.

Da aiki ya kai rabi, wajen ƙarshen damina ana shirin yankan gero, muka yi duban tsakiya kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Sakamakon bai yi daɗi ba, bai kuma yi muni ba. A dunƙule, gari ya ɗan fi ƙwaya, amma fifikon bai kai wanda za a buga ƙirji da shi ba. A daidai lokacin kuma masu ɗaukar nauyin aikin suka aiko cewa garin ba zai ishi kowa ba. Suka ce a binciko matan da yake yi wa aiki sosai a ci gaba da ba su, sauran a mayar da su kan ƙwaya daga sabon wata.

Wannan shi ne ɓangaren sana'armu da ake kira nazarin bambancin tasiri. Matsakaicin lissafi yana ɓoye abubuwa. Idan mace ɗaya ta ci ta bar saura, ɗaya ta kwana da yunwa, matsakaici zai ce kowacce ta ci daidai cikinta. Don haka akan raba mutane gida-gida a duba ko magani ya fi karɓar wasu. Amma akwai tarko. In ka yi ta rarraba mutane ba iyaka, dole ka ci karo da wani gida da za ka ga kamar magani ya yi musu abin mamaki, ko da ruwan rijiya ka ba su, don sa'a kawai. Shi ya sa ake rubuta rabe-raben da za a duba tun kafin a fara gwaji, ba a ƙirƙiro su daga baya.

Na bi ƙa'idar nan sau da ƙafa. Na raba ta shekaru, ban ga komai ba. Na raba ta yawan haihuwa, babu. Da na raba ta mazauni, sai abu ya fito fili. Matan rugage garin ya ɗaga musu jini ƙwarai. Matan da suka gudo daga Gatawa da ƙauyukan kewayenta suka raɓe a gefen gari, su ma haka, har sun fi. Amma 'yan gari na asali, masu zama a manyan gidaje a Isa da Kamarawa, da mai shan garin kunun da mai shan ƙwaya kusan duk ɗaya. Na ce ko don masu hijira sun shigo da jini ƙasa sosai ne, na daidaita lissafin da hakan, bambancin bai motsa ba. Na raba alƙaluman gida biyu na gwada kowane rabi daban, amsa ɗaya. Na ce ko 'yan garin ba sa sha ne, sai na tarar su ne ma suka fi kowa dawo da leda a juye, kuma a kan lokaci.

Malamina na jami'a da na aika masa ya kira ni da kansa. Ya ce irin wannan sakamako mai tsabta ba kullum ɗalibi yake samu ba, in riƙe shi da kyau.

Aka zauna taro a ofis, mai nazari yana kan waya. Shi ya ce nono ne, tunda matan rugage suna shan sa. Dakta ta ce nono ba ya taimakon wannan sinadari, in ma ya yi wani abu to rage shi yake yi. Wani ya ce kanwa ce, 'yan gari suna cika ta a kunu. Wani ya kawo shayi. Daga ƙarshe mai nazari ya ce wataƙila halitta ce, jinin wasu ya fi na wasu karɓa.

Sista Kulu ta ce, "Ranka ya daɗe, 'yan Gatawa da 'yan Kamarawa duk tsagen Gobir guda na a kumatunsu. In jini na, yaushe anka raba shi?"

Aka yi dariya. Ni ma tambayar da take cina ke nan: me ya haɗa matar ruga da matar da ta baro gonarta a Gatawa? Sana'a ba ɗaya ba, abinci ba ɗaya ba. Ban faɗa ba. Dakta ta waiwayo ta ce, "Nafisa, kin tabbata da lissafin?" Na ce na tabbata. Ta ce to in shirya takardar da za a aika, a cire 'yan gari daga sabon wata.

Kafin a tashi Sista Kulu ta ce akwai wata Rabi a Kamarawa, haihuwar fari, tana wankan gida wajen uwarta. Tana rukunin gari, amma awon tsakiya ya nuna jininta bai ɗaga ba, ga jiri tana fama da shi. Ƙwaya kuwa tun tana da ciki ba ta zama mata, amai take yi. In aka janye mata garin, ba a bar mata komai ba ke nan. Dakta ta ce za ta je ta duba ta da idonta kafin ta sa hannu, kuma za ni bi su, tunda ni na ce maganin ba ya yi mata aiki.

Washegari da hantsi muka kama hanya, don ba a bari rana ta karkata a kan hanyar nan. Tun daga zaure muka ji hayaniyar mata. Gidan babba ne, tsakar gida cike da 'yan barka, wasu sun zo daga Isa, wasu daga Alkalawa, ko da yake an yi suna da daɗewa. Uwar Rabi, wadda kowa yake kira Inna Ige, doguwar tsohuwa ce mai murya. Ta tare mu tun daga bakin ƙofa.

"Lale da mutanen asibiti! Kulu, yau ke da manya kunka taho? Wagga kuma ɗiyar wa ta, tana sunne kai kamar amarya?"

Sista ta ce, "Malamar lissahi ta, Inna. Ita ka ƙirga jinin Rabi."

"To ta ƙirga da kyau, kar ta rage muna."

Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar ɗakin mai jego. Dakta ta shiga ta duba Rabi, ta ja fatar idonta, ta duba tafin hannunta. Yarinya ce siririya mai sanyin magana, idon nan fari fat. Ta tambaye ta ko tana shan kunun kullum, ta ce ko rana ɗaya ba ta tsallake ba. Dakta ta fito ta zauna, ta dube ni, na gane abin da take nufi: lissafinki ya yi daidai.

Sai ga Inna Ige da ƙorai da ludaya. A gefen murhu akwai wata tukunya wadda za ta ciyar da masu gayya, daga cikinta ta ɗebo. Dakta ta ce alhamdu lillahi, mun karya kafin mu fito. Inna ta ce, "Likita, a gidan jego ba a cewa an ƙoshi. Sha ki sa ma jinjiri albarka."

Dakta ta kai ludayi baki. Na ga ta tsaya. Ta sake kurɓa a hankali, tana juya shi a harshe. Daga baya ta gaya mini cewa sinadarin ƙarin jini ɗanɗanonsa kamar mutum ya tsotsi ƙusa ne, kuma ta yi wata da watanni tana gwada dabino da citta da kanumfari kafin ta samu haɗin da ya ɓoye shi. Ko a mafarki ta sha za ta gane shi.

Ta ce, "Inna, wannan kunun da wane gari aka dama?"

"Naku na mana! Kunun asibiti. Wallahi Likita, Allah shi yi maki albarka. Duk unguwag ga ba wadda ba ta san daɗinai ba. Da can sai mun roƙi mutane su sha kunu, yanzu har da kwano suka zuwa."

Wata daga cikin 'yan barka ta ce, "Ni ba don jinjiri nika zuwa ba, gaskiya ɗaya ta." Aka kwashe da dariya.

Dakta ta ajiye ludayin. "Inna, ledar nan ta rana ɗaya ce, ta mutum ɗaya. Ba a gaya muku don mai jego kaɗai aka yi shi ba?"

"An gaya muna. Ai ita muka hwara zuba ma, kullum. Sai dai leda guda ba ta isar jama'a, shi ya sa nika ƙara gero in cika tukunya."

"To ita Rabi nawa take sha a ciki?"

"Ƙwarya guda, kamar kowa. Mu ba mu nuna bambanci."

Sista Kulu ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ni kuwa ina kallon tukunyar ina raba leda ɗaya da yawan bakunan da ke tsakar gidan. Ana cikin haka Inna ta cika wani kwano ta rufe da faifai, ta miƙa wa wata mata ta ce a kai wa Hana. Na san sunan. Maƙwabciyarsu ce, ta haihu mako ɗaya da Rabi, kuma tana rukunin ƙwaya, wato tana cikin waɗanda muke auna Rabi da su.

Dakta ta ce, "Ita ma kuna kai mata?"

"Kullum. Ƙuri'arku ba ta hwaɗa mata ba, to laihinta na? Mu nan muna shan mai dabino, ita tana haɗiyar ƙwaya da ruwa? Da wane ido za ni dubi uwarta?"

"To Inna, me zai hana a dama wa Rabi nata daban a ƙaramar tukunya, baƙi a yi musu na gero?"

Inna Ige ta riƙe haɓa. "In ɓoye tukunya a ɗaka? Ƙamshi shina tashi, mutane na zaune, in ba su na banza? Likita, ni da na aurar da ɗiya shida ba a taɓa kirana marowaciya ba, sai yanzu da hurhura?"

Daga cikin ɗaki Rabi ta yi magana, sai da muka kasa kunne. Ta ce, "Ko an dama mani, ba ni iya sha ni ɗai ana kallona."

Dakta ta ɗauki ƙwaryarta ta shanye sauran. Ba abin da ya rage a yi da shi.

Muka kamo hanyar dawowa har muka shigo Isa. Dakta ta ce wa Sista ta kai mu wajen ɗaya daga cikin waɗanda garin ya fi yi wa aiki. Ta kai mu wani kango a bayan gari, ɗakuna ba ƙofofi, an rataya buhu a madadinsu. A nan muka sami Hassi, 'yar Gatawa. Mijinta ya tafi neman aiki kudu, danginta sun watsu, wasu suna Sabon Birni, wasu sun ƙetara Nijar. Tana zaune ita da jaririnta, ga 'yar tukunya a kan duwatsu uku. Fuskarta shar, tafin hannunta ja. A alƙalumana ita ce zakara.

Dakta ta yi mata barka, ta ce jininta ya yi kyau sosai. Hassi ta ce, "To, alhamdu lillahi." Sai ta yi sauri ta wanke wani kofi, ta juye kusan rabin abin da ke tukunyar, ta miƙo da hannu biyu.

"Ku sha, don Allah. Tun ranar suna ba wanda ya taka nan shi ce mani barka. Kullum in na dama sai in ta kallon ƙohwa."

Na dubi Dakta. Yanzun nan muka baro gidan da ta yi wa'azin kada a ba baƙi. Ta karɓi kofin, ta kurɓa sau ɗaya, ta miƙo mini na kurɓa, Sista ma ta kurɓa. Sannan ta mayar mata ta ce sauran na mai jego ne, umarnin likita. Muka zauna muka yi hira har jaririn ya yi barci.

Takardar da na shirya ba a aika ta ba. Mai nazari da aka ba shi labari ya ce abin yana da suna a sana'armu, idan maganin rukuni ɗaya ya tsallaka zuwa ɗayan, gurɓacewa ake ce masa, kuma haka za a rubuta. Sista Kulu ta ce masa to sai ya zo da kansa Kamarawa ya gaya wa Inna Ige cewa kwanon da take aika wa Hana gurɓacewa ne. Haka dai aka rubuta, don ba mu da wata kalmar.

Aka yi ta shawarar mafita. A ƙara wa'azi, an ga iyakarsa. A ba kowane gida garin da zai ishi unguwa, ba hali. Dakta ce da kanta ta yanke. Ta ce a cire dabino da citta da kanumfari, a bar garin da ɗanɗanonsa na asali. Ta ce mai jego ta saba shan saiwoyi masu ɗaci, kuma ba a taɓa jin wadda ta tari baƙo da su ba. Abu in yana da daɗi abinci ne, dole a raba. In ba shi da daɗi magani ne, mai shi ya sha kayansa ba kunya. Aka rubuta wa kwamitin da ke kare haƙƙin masu shiga gwaji, suka amince, tunda sinadarin bai canja ba. Da aka cire kayan ƙamshin garin ya rage tsada, masu ɗaukar nauyi suka janye maganar cire kowa.

Rabi ta wuce arba'in kafin sabon garin ya iso, amma Dakta ta sa a ci gaba da ba ta saboda halin da take ciki. Sista Kulu ta ce ranar da aka fara damawa, 'yan barka sun kurɓa sau ɗaya suka tuna suna da aiki a gida. Inna Ige ta aiko a gaya wa Likita cewa ta ɓata kunu, kuma in ba a iya abu ba a bar wa masu iyawa. Rabi tana sha tana yamutsa fuska, ita kaɗai, a ƙaramar tukunya. Awon da ya biyo baya ya nuna jininta ya fara hawa, jirin ya sake ta.

Ni kuma sakamakona mai tsabta ya narke. Da muka nazarci matan da suka shigo bayan canjin, daban da na farko kamar yadda ƙa'ida ta ce, 'yan gari sun kamo sauran. Malamina ya yi mini jaje kamar an yi mini sata. Sai da na sake rubuta babi guda na kundina.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, lissafina na farko ba kuskure a cikinsa. In aka ba ni alƙaluman nan yau, amsar nan za ni sake fitarwa. Sana'armu ta iya nuna wa magani ya yi wa aiki da wanda bai yi wa ba, amma ba ta san dalili ba, kuma mu masu yin ta muna da saurin cike gurbin da nono ko kanwa ko halitta, muna zaune a ofis. Mun tambayi matan nan shekarunsu da haihuwarsu da abin da suke ci, ba mu tambaye su mutum nawa suke sallama a ƙofarsu ba. Matar ruga tana nesa da jama'a, 'yar Gatawa danginta sun watsu, abin da ya haɗa su ke nan. Saura kaɗan mu hana mace magani saboda tana da dangi. Don haka idan aka ce ku ware waɗanda za a cire, ku gama lissafinku, sannan ku je gidan ɗaya daga cikinsu ku zauna har a kawo muku abin sha. Idan kuma kuka ga wani rukuni ya yi zarra a jadawali, kada ku yi saurin yi musu murna. Ku fara tambaya ko akwai mai zuwa yi musu barka.